Zambo a Rigar Barkwanci: Yadda Jama'a Suka Karɓi Tallan Mac da PC

Duk malamin da ya taɓa karantar da waƙoƙin fada ya san inda a kan tsaya. Muna da zambon da makaɗa irin su Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗanƙwairo suka yi wa 'yan sarki masu ja da iyayen gidansu, muna kuwa iya feɗe shi, mu nuna inda aka siffanta mutum da dabba, da inda aka taɓa tafiyarsa ko rowarsa. Amma abin da ya auku a zukatan waɗanda ke zaune a wurin, da abin da wanda aka yi wa zambon ya ce da ya koma gida, galibi sun tafi tare da masu su. Saboda haka na ga ya kyautu mu ɗauko wani zambo daga nesa, wanda aka yi a gaban miliyoyin mutane, aka kuma ajiye labarin yadda masu kallo suka karɓe shi a ƙasashe uku, da amsar da wanda aka yi dominsa ya mayar, har da lissafin cinikin da ya biyo baya. Tambayar da mu ke so mu yi masa ita ce, in aka yi wa mutum ba'a jama'a suka yi dariya, wa ya tafi da ribar dariyar nan?

Zambon da na ke nufi shi ne jerin tallace-tallacen da kamfanin Apple na Amurka ya yi a talabijin daga watan Mayu na 2006 zuwa watan Oktoba na 2009, wanda ya sa wa suna Get a Mac, watau ka nemi Mac. A zamanin nan kwamfutocin da mutane ke saye iri biyu ne. Akwai Mac, wadda Apple kaɗai ke ƙerawa, shi ne kuma ya ke rubuta tsarin da ke tafiyar da ita. Akwai kuma waɗanda a ke kira PC, na kamfanoni da yawa kamar Dell da HP, waɗanda galibinsu ke aiki da tsarin Windows na kamfanin Microsoft. Cikin kowace kwamfuta goma, fiye da tara na Windows ne. Ke nan ƙarami ne ya tsokani babba, ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, don zai yi mana amfani nan gaba.

Siffar tallan ba ta da yawa. Fili ne fari fat, ba tebur ba kujera, sai mutum biyu tsaye. Ɗaya saurayi ne siriri, cikin wandon jins da riga sake, hannuwansa a aljihu, shi ne zai fara gaisuwa ya ce shi Mac ne. Ɗayan ya ɗan fi shi shekaru da jiki, yana sanye da kwat da laktaye da tabarau, kai ka ce tsohon akawun baitulmali, sai ya karɓa ya ce shi kuma PC ne. Justin Long, ɗan wasan sinima, shi ne Mac. John Hodgman, marubuci mai ban dariya, shi ne PC. Phil Morrison ne ya shirya su, kamfanin talla na TBWA ya rubuta, kowane ɗaya kuwa ba ya wuce daƙiƙa talatin. An nuna guda 66 a talabijin na Amurka. A wani, PC na ta atishawa, yana gargaɗin Mac ya ja da baya kada ya ɗauka, yana cewa a bara an ƙidaya cututtukan kwamfuta 114,000 masu kama irinsa, daga nan ya yanke jiki ya faɗi. A wani kuma su biyu suna zaune cikin kwalayen da aka sayo su, Mac ya tsallake ya tafi aikinsa, PC ya ce shi sai ya dakata, don sauran jikinsa na cikin waɗansu kwalaye.

Abu na fari da ya kamata mai nazari ya lura da shi shi ne sunan nan PC. Ba sunan wani kamfani ba ne, babu wanda ya mallake shi. Wannan ita ce dabarar habaici kamar yadda muka san ta: a bar sunan mutum, a kawo siffarsa, kowa ya gane, shi kuwa ba shi da bakin kai ƙara. Amma an bar wata alama, gama tabarau da askin Hodgman sun sa mutane da yawa sun tuna da Bill Gates, wanda ya kafa Microsoft. Abu na biyu shi ne, Mac ba ya zagi. Kullum da tausayi ya ke magana, yana tambayar abokinsa lafiya, yana yaba masa gwanintar lissafi. PC da bakinsa ya ke tona asirin kansa. A watan Mayu na 2007 aka zaunar da Steve Jobs, shugaban Apple, da Bill Gates a dandali guda a Kalifoniya, aka tambaye su batun tallan. Jobs ya ce gwanintar abin ita ce kada a yi mugunta, a nuna mutanen biyu suna son juna, ya kuma ce mutumin PC shi ne ke riƙe da wasan duka. Gates ya sa baki ya ce ai uwarsa tana sonsa. Aka yi dariya aka wuce.

To, Jobs ya faɗi gaskiya da ya ce PC ke riƙe da wasan, amma gaskiyar ta fi yadda ya so yawa. Tun wata guda da fara tallan, Seth Stevenson, mai sharhin tallace-tallace a mujallar Slate, ya rubuta cewa shi mai aiki da PC ne, tallan kuwa bai sa shi sha'awar canzawa ba ko kaɗan. Ya ga Hodgman ya fi ban dariya, ya fi shiga rai, ya ga saurayin Mac yaro ne mai ji da kai wanda ba ka son zama kusa da shi. Wannan hukunci ya yi ta maimaituwa a bakin masu sharhi har tallan ya ƙare. Dalilinsa kuwa a cikin ginin wasan ya ke. Duk abin da ke motsi a dandalin nan PC ne ke yinsa. Shi ke fahariya, shi ke ƙulla dabara ta warware masa a hannu, shi ke jin kunya, shi ke sake tashi gobe da sabuwar dabara. Mac ba shi da buri, ba shi da tsoro, ba abin da zai same shi, aikinsa kawai ya ɗaga gira ya faɗi amfanin hajar. Mutum kuwa ba ya ƙaunar wanda ba abin da zai same shi. Ko a tatsuniya, yaro ya kan manta da dabbar da ta yi daidai, amma ba ya manta kura da ta sha duka saboda kwaɗayi. Wanda aka ɗora wa wauta shi aka ba rai, wanda aka ɗora wa kamala an mai da shi allon sanarwa.

Da alama Jobs ya hango wannan haɗari. Justin Long ya ba da labari daga baya cewa sun ɗauki wajen ɗari uku, kuma waɗanda suka fi ban dariya su ne Jobs ya kan ƙi a fitar, don yana tsoron dariya ta ɗauke hankalin mutane daga haja. Wannan magana ta cancanci malamai su tsaya a kanta. Ubangidan maroƙi ne ya ke rage wa maroƙinsa gishiri, don ya ga in zambon ya cika daɗi, jama'a za su koma gida suna ambaton wanda aka yi wa, su manta da wanda aka yi domin a ɗaukaka.

A Ingila abin ya fi fitowa fili. A farkon 2007 Apple ya sake ɗaukar tallan da 'yan wasan ƙasar biyu, David Mitchell a matsayin PC da Robert Webb a matsayin Mac. Kuskuren da aka yi shi ne, mutanen nan biyu jama'a sun riga sun san su tare cikin wani wasan talabijin mai suna Peep Show, wanda aka fara a 2003. A can Mitchell ma'aikacin ofis ne mai fargaba, mai jin kunya, wanda duniya ke takawa kullum, Webb kuwa malalaci ne mai son kansa, mai riya cewa shi mawaƙi ne, yana zaune a gidan abokinsa yana ci ba ya biya. Masu kallo suka shigo da wannan sani cikin tallan, ba wanda ya iya hana su. Charlie Brooker ya rubuta a jaridar Guardian cikin watan Fabrairu na shekarar, ƙarƙashin kan magana mai cewa ya ƙi jinin Mac, ya nuna cewa abin da tallan ya koya masa shi ne PC na da ɗan rauni amma abin so ne, Mac kuwa mai homa ne da kwalliyar banza. Rubutun ya ta da ƙura ƙwarai. Binciken ra'ayin jama'a na kamfanin YouGov kuma ya nuna martabar Apple ta ragu a ƙasar bayan fitowar tallan. A nan mun ga wani abu da ba ya bayyana in takarda kaɗai a ke karantawa, watau kalmomin zambo ba su kaɗai ke aiki ba, har da tarihin bakin da ya furta su. Waƙa guda, in ta fito daga bakin wanda aka sani da ƙarya, ta kan zama shaida ga wanda aka zaga.

A Japan kuwa tun kafin a fara aka san hanyar ba za ta ɓulle ba, gama a can mutum ya tsaya ya yabi kansa ya kushe wani a gaban jama'a rashin kunya ne. Aka ɗauki 'yan wasa biyu da a ke kira Rahmens, aka sassauta maganar. A ɗaya daga ciki PC yana mamakin yadda abokinsa ya sami sunan shagwaɓa wajen mutane, sai Mac ya raɗa masa nasa, sunan da ma'anarsa aiki. Zambon ya koma wasa tsakanin abokai biyu, ɗaya na ofis ɗaya na gida.

Akwai wata tangarɗa da ta fi duk waɗannan zurfi, ita ce kuwa tushen fushin waɗanda suka yi fushi. Shin mutumin nan mai kwat, na'ura ce ko mai na'ura? Masu rubuta tallan za su ce na'ura ce, gama yana cewa shi PC ne, yana kamuwa da cutar kwamfuta, yana daskarewa a tsakiyar magana. Amma idon mai kallo mutum ya ke gani, mutum mai aiki a ofis, mai ɗan tumbi, wanda bai iya ado ba. Wanda ke zaune gaban talabijin da Dell a ɗakinsa sai ya duba ya ga kamanninsa. Bill Gates da kansa ya kama wannan zare a wata hira da mujallar Newsweek a watan Fabrairu na 2007, inda ya ce bai ga alamar mutanen da ke aiki da Windows, waɗanda sun fi kashi casa'in cikin ɗari, suna ɗaukar kansu dolaye kamar yadda a ke so a nuna su ba. Nan tallan ɗan kasuwa ya rabu da waƙar fada. Makaɗin sarki ba ya neman kome wurin wanda ya yi wa zambo, ba ya fatan ɗan sarkin nan ya zo gobe ya ba shi doki. Apple kuwa kuɗin mutumin da ya ke kwaikwayo ya ke nema. Ya taɓa ƙonewa a wannan wuta. A 1985, shekara guda bayan shahararren tallansa na 1984 wanda Ridley Scott ya shirya, ya fitar da wani mai suna Lemmings, inda aka nuna ma'aikatan ofis da kwat, an ɗaure musu idanu, suna bin juna suna faɗawa rami daga kan dutse. Ma'aikatan ofis suka gane da su a ke, tallan ya faɗi warwas. Ana iya cewa tausayin da aka cusa a bakin Mac bayan shekara ashirin da ɗaya, maganin wancan ƙuna ne.

Sai mu tambaya, wane suna ya dace da wannan wasa cikin sunayen da mu ke da su? Jobs yana so a ɗauke shi barkwanci, irin na taubasai, ko na Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari. Kama kuwa akwai ta, gama mutum biyu ne da ba sa rabuwa, suna tsokanar juna ba a zub da jini. Amma sharaɗin wasan barkwanci shi ne ramuwa. In Bakano ya jefa, Bazazzagi na da izinin mayarwa nan take, da bakinsa, da hikimarsa, ba kuwa wanda ya san wa zai rinjaya yau. A tallan nan hannu guda ne ya rubuta jifa ya rubuta amsa, ya kuma biya kuɗin dandali. PC bai taɓa cin nasara ba ko sau ɗaya cikin sittin da shida. Ba a bar shi ya ambaci araha ba ta yadda maganar za ta zauna, ko yawan wasannin kwamfuta da ba sa tafiya sai a kansa, alhali kuwa su ne manyan hujjojinsa. Don haka a ganina zambo ne aka sa wa rigar barkwanci. Masu kallo da yawa sun ji haka a jikinsu ko da ba su da sunan da za su kira shi, suka yi abin da mutane kan yi in sun ga ana kokawa da wanda aka ɗaure wa hannu, suka koma bayansa.

Rigar ma ba ta daɗe ba ta fara yagewa. A ƙarshen Janairu na 2007 Microsoft ya fitar da Windows Vista, wanda ya zo da nauyi da yawan tambaya, na'urorin buga takarda da yawa kuma suka ƙi aiki da shi. Daga nan Apple ya bar habaici ya kama suna. Waɗansu daga tallan wannan lokaci suna cikin mafi kyau. Akwai wanda PC ya fito cikin rigar asibiti za a yi masa aiki don ya iya ɗaukar Vista, yana yi wa Mac wasiyya da kayansa in bai tashi ba. Akwai wanda aka tsai da wani dogari mai baƙin tabarau a bayansa, duk kalmar da za a faɗa masa ko zai faɗa sai dogarin ya tambaye shi ya yarda ko a soke. Wannan ya ci, domin duk wanda ya taɓa Vista ya san tambayar nan, dariyar kuwa a kan na'ura ta sauka, mai na'ura ya zama abokin dariya. Amma da tafiya ta yi nisa sai abin ya zama sara a wuri guda. Na ƙarshe-ƙarshe, irin wanda aka yi a Oktoba na 2009 sa'ad da Windows 7 ya fito, inda a ke nuna PC shekara bayan shekara yana alkawarin cewa wannan karon an gyara, sun fi kama da takardar ƙara da a ke karantawa a gaban alƙali.

Yanzu sai mu juya ga wanda aka yi wa. Shekara biyu da 'yan watanni Microsoft bai amsa a talabijin ba. A watan Satumba na 2008 ya fito da shiri na dala miliyan 300 ta hannun kamfanin talla na Crispin Porter da Bogusky. Aka fara da Bill Gates tare da Jerry Seinfeld, mashahurin mai ban dariya, wanda jaridu suka ce an biya shi dala miliyan 10. A na fari suna kantin takalma masu araha, Seinfeld yana gwada wa Gates takalmi. A na biyu sun tare a gidan waɗansu talakawa wai don su san yadda mutane ke zama, har aka zarge su da satar wani raƙumin dawa na fata aka kore su. Ba a ambaci Apple ba, kwamfuta ma da ƙyar aka ambace ta. Jama'a suka yi ta tambayar juna me a ke sayarwa, cikin mako biyu aka janye su. Ni dai ina ganin na biyun yana da ban dariya fiye da yadda aka yarda a lokacin, amma mutumin da aka yi wa zambo shekara biyu, in ya buɗe baki ya kama labarin takalmi, ba wanda zai saurare shi da adalci.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi jan hankalin mai nazari. Aka samo wani ma'aikacin Microsoft mai kama da Hodgman, aka sa masa kwat da tabarau, aka tsai da shi a farin fili, ya ce shi PC ne, an kuwa mai da shi abin kwatance. Daga nan aka jero mutane iri iri, malaman makaranta da masu bincike da mawaƙa da yara daga ƙasashe dabam dabam, kowa na cewa shi PC ne. Hikimar a bayyane ta ke, an kama tangarɗar da muka ambata, an ce wa jama'a da ku a ke, ga kuwa yadda ku ke da gaske. Mutane da yawa sun ji daɗin wannan. Amma akwai hasara a ciki wadda duk wanda ya san habaici zai gani. Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Muddin ba a amsa ba, PC mutumin Apple ne, ƙagagge. Ran da Microsoft ya tsaya a farin fili ya amsa sunan, ya shaida wa duniya cewa jifar ta same shi, ya kuma kashe kuɗinsa yana tuna wa mutane tallan abokin gabarsa. Ƙari a kan haka, cikin 'yan kwanaki aka gano cewa waɗansu hotunan shirin da Mac aka gyara su, gama alamar tana jikinsu. Apple bai ɓata lokaci ba. A watan Oktoba ya nuna PC zaune da tulin kuɗi yana kasawa biyu, babban kashi na talla, ɗan ƙarami na gyaran Vista, da Mac ya ce ɗan wannan ba zai isa gyara ba, sai PC ya kwashe shi ya zuba a kan na talla.

Amsar da ta ciji Apple ba ta ban dariya ba ce. A watan Maris na 2009 Microsoft ya fara nuna masu saye ana ba su kuɗi su nemo kwamfutar da su ke so. Ta fari wata budurwa ce da ke neman mai allo inci 17 a ƙasa da dala 1,000. Ta shiga kantin Apple ta fito hannu wofi, ta ce da alama ita ba ta kai gayun masu Mac ba, ta je ta sayi HP a kan dala 699. A watan Yuli Kevin Turner, ɗaya daga manyan shugabannin Microsoft, ya gaya wa taron abokan cinikinsu cewa lauyoyin Apple sun bugo waya suna neman a daina tallan, don sun rage farashi. Hujjar araha, wadda aka hana PC faɗa a dandalin Apple, ita ce ta sa lauya ɗaukar waya.

Saura batun ciniki, a nan kuwa sai a yi hattara. A shekarar lissafinsa ta 2006 Apple ya sayar da Mac miliyan 5.3, a 2007 miliyan 7, a 2008 miliyan 9.7, a 2009 miliyan 10.4. Masu sana'ar talla sun ba shirin babbar lambar Effie a 2007, mujallar Adweek kuma ta zaɓe shi mafi kyau cikin shekaru goman farko na wannan ƙarni. Amma a cikin shekarun nan ne Mac ta koma aiki da ƙwaƙwalwar Intel har ta iya ɗaukar Windows, a cikinsu ne iPod da iPhone suka jawo mutane kantunan Apple, a cikinsu ne kuma Vista ya ɓata wa masu shi rai. Wanda ya ɗora ribar duka a kan mutum biyu a farin fili ya yi gaggawa. Abin da lissafin ya tabbatar ƙarami ne amma yana da amfani: ƙin da aka yi wa saurayin Mac bai hana a sayi Mac ba. Mai kallo ya ba Hodgman zuciyarsa, amma abin da ya rage masa a ka bayan dariya shi ne atishawa da dogari da rigar asibiti. Ya so mutumin, ya ji tsoron na'urar. Zambon ya kasa ɗaukaka ubangida, amma ya manna wa abokin gaba siffa, wannan kuwa shi ne rabin aikin zambo tun asali. Ko siffar gaskiya ce, wannan wata magana ce. A 2012 wata cuta mai suna Flashback ta kama Mac wajen 600,000, a shekarar kuma Apple ya janye maganar nan tasa cewa Mac ba ta kamuwa da cututtukan PC.

Labarin yana da ɗan wutsiya. A watan Nuwamba na 2020 Apple ya sanar da Mac ta fari mai ƙwaƙwalwar da ya ƙera da kansa, watau M1, ya fara rabuwa da Intel. A ƙarshen taron sai ga Hodgman cikin kwat ɗinsa a farin fili, yana ƙoƙarin nuna har yanzu yana da gudu, ya yi 'yar tsere ya gaji, ya ce batirinsa ya ƙare sai ya je ya nemi wuta. Shi kaɗai aka kira, ba a nemi saurayin Mac ba, ba kuwa wanda ya ji wasan ya rasa wani abu. Bayan wata huɗu, a Maris na 2021, Intel ya ɗauki Justin Long, kamar maroƙin da ya sake fada. Aka tsai da shi a farin fili, ya fara gaisuwar nan da kowa ya sani, sa'an nan ya karkata ya ce shi Justin ne kawai, ya shiga ɗaga kwamfutoci yana yabon PC yana kushe Mac. Jaridu sun ba da labarin sauyin shekar kwana biyu. Tallan kansa kuwa bayani ne na haja daga fari har ƙarshe, mutum guda yana magana da tebur, ba kowa a gefensa da zai yi atishawa.